Hawan Jinin Masu Juna Biyu da Jijjiga: Tsarin Kuala Lumpur da Halin da Ake Ciki a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda hawan jini ke kama mace mai juna biyu har ya kai ta ga jijjiga, da dalilin da ya sa ba a cika gane shi da ido ba sai ya yi nisa. Ta duba tsarin da ƙasar Maleshiya ta bi wajen rage mutuwar mata masu ciki, ta kwatanta shi da abin da aka gano a Zariya da Kano da Sakkwato. Abin da kwatancin ya nuna shi ne, maganin da ke tsayar da jijjiga sananne ne kuma mai araha, amma rayuwar mace ta fi dogara ga matakan da ke gabanin shigarta asibiti da waɗanda ke biyo bayan fitarta.

Fitilun kalmomi: hawan jini, jijjiga, taune-taune, awon ciki, mabiyiya, Maleshiya

1.0 Gabatarwa

Titin Tuanku Abdul Rahman na ɗaya daga cikin tsofaffin titunan kasuwanci na birnin Kuala Lumpur. A zamanin Turawa ana kiransa Batu Road, daga baya aka raɗa masa sunan sarkin farko da ya shugabanci tarayyar ƙasar bayan samun 'yancin kai a 1957. Ya taso daga kusa da dandalin Merdeka, ya ratsa kantunan yadi da na mayafai, ya miƙe arewa zuwa unguwar Chow Kit mai babbar kasuwar cefane. Daga wannan ƙarshen na arewa, tafiyar ƙafa kaɗan ce ke kai mutum Babban Asibitin Kuala Lumpur da ke titin Pahang, wanda tarihinsa ya faro tun 1870, da kuma Asibitin Tunku Azizah na mata da yara, wanda ya fara aiki a 2019. Nan ake kawo matan da cikinsu ya rikice daga ƙananan asibitocin birnin da kewaye.

Dalilin fara bayani daga wannan wuri alƙaluma ne. A 1950, cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar, mata sama da 500 ke rasa ransu. A 2022 adadin ya tsaya a kan 26. Ita kuwa Nijeriya, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ba ta 1,047. Maleshiya ƙasa ce mai zafi, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma a lokacin da ta fara wannan aiki yawancin haihuwa a gida ake yin ta a hannun ungozomar ƙauye. Saboda haka ta fi Ingila ko Amurka dacewa da a gwada ƙasar Hausa da ita. Hawan jini shi ne ciwon da ya fi bayyana ƙarfin tsarin kiwon lafiya ko rauninsa, domin gano shi ba ya buƙatar komai sai awo, rashin gano shi kuwa yana iya cin rai biyu a wuni guda.

2.0 Sunan ciwon da yadda yake aukuwa

Bahaushe ya san ƙarshen wannan ciwo sarai, ya kuma ba shi suna: jijjiga, ko taune-taune, saboda yadda mace ke sanƙarewa tana taune harshe. Matakin da ke gabanin haka ne ba shi da tsayayyen suna, wato abin da likitoci ke kira firi-iklamsiya. Wannan giɓi ba na harshe kaɗai ba ne. Abin da ba a gani da ido ba a cika raɗa masa suna ba, abin da ba shi da suna kuwa ba a neman maganinsa. A wannan maƙala za a kira shi share-fagen jijjiga.

Ana cewa mai ciki na da hawan jini idan awonta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a awo biyu da aka raba da aƙalla awa huɗu. Idan tana da shi tun kafin ciki, ko ya bayyana kafin mako na 20, daɗaɗɗen hawan jini ne. Idan ya soma bayan mako na 20 ba tare da wata alama ba, hawan jinin goyon ciki ne. Ya zama share-fagen jijjiga idan aka samu furotin a fitsari, ko wata shaida ta cewa ƙoda ko hanta ko ƙwaƙwalwa ko jini ya taɓu. Tun 2013 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta daina sharɗanta ganin furotin a fitsari, saboda an lura wasu matan na shiga haɗari fitsarinsu garau. Awon da ya kai 160 bisa 110 kuwa gaggawa ce, ko da matar na cewa lafiyarta ƙalau. Ciwon na shafar tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu ciki, kuma wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ya danganta kimanin kashi 14 cikin 100 na mutuwar masu ciki a duniya ga hawan jini.

Tushen ciwon yana cikin mabiyiya. A watannin farko na ciki, ƙwayoyin halittar mabiyiya kan kutsa cikin bangon mahaifa, su faɗaɗa ƙananan jijiyoyin jinin da ke wurin, su mayar da su kamar buɗaɗɗun magudanan da jini zai riƙa kwarara ba tare da takura ba. Idan wannan aiki bai kammala ba, jijiyoyin na zama a matse, mabiyiya ta rasa isasshen jini. Daga nan sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, waɗanda ke lalata shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini a duk faɗin jiki. Masu bincike a Boston sun bayyana ɗaya daga cikin manyan sinadaran a 2003. Jijiyoyin sai su tsuke, jini ya hau. Su riƙa yoyo, ruwa ya taru a fuska da hannuwa da huhu. Matatar ƙoda ta saki furotin. Idan abin ya kai ƙwaƙwalwa sai jijjiga ko zubar jini a ka. Idan ya kai hanta, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, sai yanayin da Louis Weinstein ya bayyana a 1982 ya raɗa masa suna HELLP. Jariri kuma yakan ƙi girma, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci.

Wannan bayani na da sakamako biyu. Na farko, an riga an shuka ciwon tun watanni kafin alamarsa ta fito, don haka rigakafi da wuri ake fara shi. Na biyu, tunda mabiyiya ce tushe, ba ya fara warkewa sai an haihu. Magunguna lokaci kawai suke sayo wa uwa da ɗa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mai cikin fari, da yarinya ƙarama, da wadda ta haura shekara 40, da mai tagwaye, da mai ciwon suga ko na ƙoda ko daɗaɗɗen hawan jini, da wadda ta taɓa yin ciwon a wani ciki ko mahaifiyarta ta yi. Cikin fari ya cancanci a tsaya a kansa, domin a al'adar Hausa shi ne cikin da aka fi ɓoyewa. Kunya kan hana amarya faɗin tana da ciki, balle ta ce kanta na ciwo ko idonta na ganin dishi-dishi. Matsanancin ciwon kai, da ganin walƙiya ko duhu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska farat ɗaya, su ne gargaɗin ƙarshe. Kumburin ƙafa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin masu ciki da yawa na yin sa lafiya lau. Idan jijjigar ta zo, sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin taɓin iska, a fara da hayaƙi da tofi, awannin da ya kamata a yi su a kan hanya su ƙare a ɗaki.

3.0 Abin da bincike ya tabbatar

Kaɗan ne daga cikin matsalolin haihuwa aka samu hujja bayyananna a kansu kamar wannan. A 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna cewa allurar magniziyam salfet ta fi diyazefam hana jijjiga dawowa, da ragin kusan rabi. A 2002 gwajin Magpie, wanda ya ƙunshi mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna cewa maganin na rage yiwuwar fara jijjiga da kashi 58 cikin 100 ga masu share-fagenta. Tsarin Pritchard, wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya, shi ne giram 4 ta jijiya da giram 10 a tsokar ɗuwawu a tashin farko, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu har tsawon awa 24. Ana sa ido a kan numfashi da yawan fitsari da zaburar gwiwa, kuma akwai makarinsa idan ya yi yawa a jiki.

Sai dai magniziyam ba ya sauke jini. Wannan aikin nifedifin ne ko labetalol ko haidralazin, da metildofa ga wadda za ta daɗe tana sha. Wasu magungunan hawan jini da aka saba da su, irin su lisinofril, suna cutar da ɗan tayi, abin da ya kamata matar da ke sayen magani a kemis ta sani tun kafin ta ɗauki ciki. Ta fuskar rigakafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2011 a ba masu haɗari ƙaramin asfirin kullum, a kuma ba da kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi. Gwajin ASPRE na 2017 ya samu ragin kashi 62 cikin 100 na ciwon da ke tilasta haihuwa kafin lokaci, ga matan da suka fara shan asfirin a ƙarshen wata na uku. Idan ciki ya kai mako 37, shawarar ita ce a tayar da naƙuda. Idan ciwon ya yi tsanani ba a jiran hakan.

Duk waɗannan magunguna masu araha ne. Bambancin ƙasa da ƙasa yana wajen yadda mace ke isa gare su.

4.0 Tsarin Maleshiya

Matar da ta isa Asibitin Tunku Azizah da hawan jini, a mafi yawan lokuta ba baƙuwa ba ce ga tsarin. Tana zuwa da littafin awo mai ruwan hoda, wanda aka ba ta ranar da ta yi rajista a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarsu. Littafin a hannunta yake zama, kuma duk awon jini da na fitsari da aka yi mata yana rubuce a ciki, ta yadda likitan da bai taɓa ganinta ba zai iya sanin makon da jininta ya fara hawa. A jikin littafin akwai alamar launi, tsarin da aka shigo da shi a 1989. Fari na nufin ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti za ta ci gaba da kula da ita. Kore na nufin likita ya duba ta. Rawaya na nufin ƙwararren likita ya gan ta cikin gaggawa. Ja na nufin a kwantar da ita a asibiti nan take. Ana sake duba launin a kowane zuwa, yana iya canjawa.

Hikimar wannan tsari ita ce ya sauke wa ƙaramar ma'aikaciya nauyin yanke hukunci ita kaɗai. Ba sai ta tsaya tana shawara da zuciyarta ko awon 160 bisa 110 ya isa a tayar da mota da daddare ba, kuma ba sai ta ji tsoron babban asibiti zai ce ta cika zaƙewa ba. Ƙa'ida ta riga ta faɗi abin da za a yi.

Launukan ba su tsaya a kan iska ba. Tun shekarun 1950 gwamnati ta shimfiɗa cibiyoyin lafiya na karkara hawa-hawa, da niyyar kowane mutum 2,000 su samu ɗakin ungozoma mai horo, kowane 50,000 su samu babbar cibiya. Ungozomomin gargajiya ba a kore su ba. An yi musu rajista, an horar da su, aka bar musu tausa da hidimar jego, karɓar haihuwa kuma ta koma hannun masu horo sannu a hankali. Daga 1991 kuma aka fara binciken sirri a kan kowace mace da ta mutu da ciki ko a jego, bisa koyi da tsarin da Ingila ta fara a 1952. Ana cire sunayen majiyyaciya da na ma'aikata, kwamiti ya bi diddigin abin da ya faru, a fitar da rahoto da gyare-gyaren da za a yi. Sirrin ne ke sa a faɗi gaskiya, domin ma'aikacin da ya san rahotonsa zai zama sanadin korarsa ba zai rubuta cewa an yi jinkirin awa uku ba. Rahotannin sun sha sanya hawan jini cikin manyan musabbabai, kuma daga gare su aka samar da littattafan horo ga ma'aikata.

Tsarin yana da iyakarsa, kuma a titin Tuanku Abdul Rahman ɗin kansa ake ganinta. Chow Kit matattarar baƙin haure ce da 'yan ci-rani daga ƙasashen maƙwabta. Ɗan ƙasa ringit ɗaya yake biya ya ga likita a asibitin gwamnati, baƙo kuwa ana cajinsa kuɗi mai yawa, wanda aka ƙara tun tsakiyar shekarun 2010, mara takardu kuma yana tsoron a miƙa shi ga hukuma. Matar da ke cikin wannan hali tana iya kwana a inda take hango ginin asibitin, amma ba ta da littafi, ba ta da launi, ba wanda ya taɓa ɗaura mata ma'auni a dantse. Haɗarinta ya fi kama da na 'yar ƙauyen da ke nesa da kwalta fiye da na maƙwabciyarta mai katin ɗan ƙasa.

5.0 Zariya, Kano da Sakkwato

An daɗe da gano wannan a ƙasar Hausa. Tsakanin 1976 da 1979, Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Mafi yawan matan da suka mutu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, an kawo su ne bayan abu ya ɓaci, kuma ƙananan 'yan mata masu cikin fari na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Harrison ya ɗora muhimmanci a kan ilimin mata fiye da kowane kayan aikin asibiti.

Shekaru talatin bayan haka aka gwada ɓangaren magani a Kano. A 2008 ƙungiyar Population Council, tare da gwamnatin jiha, ta shigar da magniziyam salfet a asibitocin gwamnati goma, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka samar da ƙa'ida a rubuce. Jamilu Tukur da abokan bincikensa sun ruwaito cewa mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. Wannan sakamako ya rushe tsohuwar fargabar cewa maganin ya fi ƙarfin asibitin da ba shi da ɗakin kulawa ta musamman. A Sakkwato kuma, Bissallah Ekele da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun wallafa a 2009 cewa allurar tashin farko ita kaɗai ta hana jijjiga dawowa ga mafi yawan matan da aka gwada. Amfanin wannan ga karkara a bayyane yake: ma'aikaciyar ƙaramin asibiti za ta iya yi wa mace allurar farko kafin a sa ta a mota, maimakon ta yi ta jijjiga a hanya.

Amma nasarar Kano nasara ce a kan matan da suka iso. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Ko waɗanda ke zuwa awo, da yawa sai ciki ya kai wata shida ko bakwai suke fara zuwa, lokacin da damar asfirin ta riga ta wuce. Zuwa awo ma ba ya wadatarwa idan ma'aunin ya lalace, ko tsinken gwajin fitsari ya ƙare, ko an rubuta adadi mai ban tsoro a kati an sallami mai shi da cewa ta rage gishiri. Nijeriya ta fitar da ƙa'idar bin diddigin mutuwar masu ciki da jarirai a 2015, sai dai mutuwar da ta auku a gida, aka yi jana'iza kafin la'asar, ba ta cika shiga kowane rahoto ba.

6.0 Bayan haihuwa

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi. Fitar mabiyiya farkon waraka ne kawai. Jini kan ƙara hawa tsakanin kwana na uku zuwa na shida bayan haihuwa, kuma jijjiga na iya zuwa wa matar da ta haihu lafiya aka sallame ta. A Maleshiya ma'aikatan jinya na bin mai jego har gida sau da dama a makonni ukun farko, kuma awon jini na cikin abin da suke yi a kowace ziyara.

A ƙasar Hausa waɗannan kwanaki su ne na wankan jego da kunun kanwa da shirin suna. Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin wanka da kwanciya a kan gadon wuta. An daɗe a kan wannan fahimta. Amma binciken PEACE da Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin al'adun jego da ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da rama, da kuma taɓa yin share-fagen jijjiga. Wannan ba izini ba ne ga mai hawan jini ta sha kanwa, domin gishiri ne kuma yana ƙara wa jijiyoyi nauyi. Yana dai nuna cewa ɗora laifi kacokan a kan al'ada ya karkatar da hankali daga ciwon da aka shigo da shi jego tun daga goyon ciki.

Al'adar jego ma tana da abin da tsarin lafiya zai iya jingina da shi. Mai jego, musamman ta fari da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, tana zaune wuri guda har kwana arba'in, kuma akwai dattijuwar da ke ganinta safe da yamma saboda wanka. Ranar suna, wato kwana na bakwai, ta zo daidai da ƙarshen kwanakin da jini ya fi hawa. Matar da ta yi share-fagen jijjiga na buƙatar a auna ta a cikin wannan mako, a sake aunawa a ƙarshen arba'in, a kuma rubuta mata a katinta cewa a ciki na gaba ta fara awo kafin wata na uku ya ƙare.